Raddi ga Masu Cewa “In Ba Monita, Ba Aiki”

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a bakin masu sana'ar sauti, tun daga situdiyoyin Kano har zuwa nan gaɓar Bahar, wai duk wanda ya haɗa waƙa da hedifon a kunne ba injiniya ba ne, ɗan wasa ne. Sai ya sayi monita, wato tagwayen lasifikokin nan da ake girkewa a kan tebur, sannan za a saurare shi. Na ji an faɗa wa yaranmu na Suki da Maiurno da Sinja wannan magana ba sau ɗaya ba. Yaro zai kwana uku a kan waƙa, ya tura wa wani babba ta WhatsApp yana neman gyara, amsar farko da zai samu ita ce, “Da me ka haɗa?” Da ya ce hedifon, shi ke nan, an rufe littafinsa. Ba a ce masa muryar ta nutse ba, ba a ce gangar ta yi yawa ba. An dai ce masa ya je ya tara kuɗi.

Ni ina ganin wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya mai tsada, domin ta sa wasu sun ci bashi, wasu kuma sun ajiye sana'ar ɗungurum. Abin da ke haɗa sauti kunne ne da aka hora. A irin ɗakunan da muke da su a nan, hedifon ɗin da mutum ya san halinsa ya fi monita gaya masa gaskiya. Zan kawo hujjojina, wanda ke da nasa ya kawo.

Mu fara da ɗaki, tunda shi ne abin da masu tallar monita ba sa son a ambata. Lasifika ba ta magana da kunnenka kai tsaye. Abin da ya fito daga cikinta sai ya bugi bango, ya bugi rufi, ya dawo ya haɗu da wanda ke fitowa, sannan kunne ya karɓi cakuɗar. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauki ɗakin da yawancinmu ke aiki a ciki, mita uku faɗi, mita huɗu tsawo. In ka raba 343 da ninki biyu na tsawon, za ka samu kusan 43. In ka yi haka da faɗin, za ka samu kusan 57. Ma'ana, amon da ke kaɗawa sau 43 da sau 57 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 43 Hz da 57 Hz, da ninkinsu irin su 86 da 114, za su riƙa taruwa a ɗakin nan kamar ruwa a kwari. A jikin bango su kumbura, a tsakiyar ɗaki wasunsu su ɓace ɓat. To nan ne fa mazaunin bes da babbar ganga. Kana zaune a wurin da amon ya ɓace, sai ka ji kamar bes ya yi kaɗan, ka ƙara masa. Ran biki a ɗora waƙar a kan manyan lasifikoki, sai gumji ya cinye mawaƙi da 'yan amshinsa. Monitar ba ta yi laifi ba, abin da aka ba ta ta fitar. Ɗakin ne ya yi maka ƙarya, kai kuma ka gaskata shi saboda kuɗin da ka kashe.

Za a ce ai ana gyara ɗaki. Haka ne, amma da me? Na shiga ɗakuna da dama da aka liƙe bangonsu kaf da kwalin ƙwai ko siririyar katifa, mai ɗakin yana ta alfahari. Kwalin ƙwai ba ya tare amo mai kauri ko kaɗan. Igiyar amon 100 Hz tsawonta ya kusa mita uku da rabi, kuma kafin abu mai laushi ya shanye ta sosai sai kaurinsa ya doshi rubu'in wannan tsawon, kusan santimita 85. Soson da bai wuce faɗin yatsa biyu ba siririn sauti kawai yake sha, ya bar kaurin yana ta kai-komo, ɗakin ya ƙara zama maƙaryaci. Abin dariya ma shi ne mu mutanen ƙasar auduga ne. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, kakanninmu ke tsintar auduga a wannan yanki. Buhu huɗu na auduga a jingine a kusurwoyin ɗaki sun fi kwalin ƙwai dubu amfani. Amma wa zai ɗauki hoton buhu ya sa a Facebook ya ce ga situdiyonsa?

Bayan ɗaki sai wuta. Muna zaune tsakanin madatsun ruwa biyu masu ba da lantarki, ta Rusairis daga sama, ta Sinnar daga ƙasa, amma kowa ya san yadda kahraba take a Suki, tun ma kafin yaƙi. Monita sai da wuta tsayayya. In ka tada janareta, ga ƙararsa ta taga, ga wani zuuu da ke biyo waya ya shiga lasifika. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano, ko dai ka kunna fanka ka daina jin ƙananan abubuwan da ke cikin waƙar, ko ka kashe ta ka narke. Ga kukan jaki, ga raksha na wucewa, ga maƙwabta da ba za su lamunci a maimaita baiti ɗaya sau hamsin da tsakar dare ba. Kwamfutar cinya da hedifon kuwa ƙaramin batirin sola ya ishe su.

Sannan ga abin da ba na son in tsaya a kansa, amma ba shi tsallakuwa. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023, ya ci Madani a Disamban shekarar, ya iso Sinja da Suki a damanar 2024. Mutane suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Damazin. Wanda ya tara dukiyarsa a monita da tebur ya baro su. Wanda iliminsa ke cikin kunnensa, kayan aikinsa kuma na cikin jakar goyo, ya ci gaba da haɗa wa mutane waƙar biki da tallar shago a inda ya sauka, yana samun na abinci. Mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi a wata ƙasa ya dubi irin wannan yaro ya ce masa ba injiniya ba ne, a ganina wannan ya wuce jahilci, ya shiga rashin kunya.

To ko a can inda aka ƙago sana'ar, me tarihi ya nuna? Monitar da ta fi kowace shahara a situdiyoyin duniya ita ce Yamaha NS-10, mai farin ciki a tsakiya. A 1978 aka fito da ita a matsayin lasifikar falo, kuma ba ta yi farin jini a falon ba. Ba ta da bes na kirki, tsakiyar sautinta kuma tana da kaifi, har wasu injiniyoyi, irin su Bob Clearmountain, suka riƙa rufe ƙaramar lasifikar sama da takardar tishu. Me ya sa suka riƙe ta shekara da shekaru? Saboda sun san ta ciki da bai, sun san in waƙa ta zauna daidai a kanta za ta zauna a rediyon mota da na kicin. Bruce Swedien, wanda ya haɗa faifan Thriller na Michael Jackson a 1982, yana da manyan lasifikoki a gabansa, amma yana auna aikinsa a kan wani ɗan akwati mai suna Auratone, lasifika ɗaya tal, wadda ba ta fi rediyon mai shayi ba. A zamaninmu kuma ga Andrew Scheps, wanda ya yi aiki da Adele da Red Hot Chili Peppers, ya sha faɗa a fili cewa yana haɗa waƙoƙi da hedifon Sony MDR-7506, wanda ke kasuwa tun 1991, kuma ba ya cikin masu tsada. Sai a je a gaya masa shi ma ɗan wasa ne.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane duka shi ne sabo. Sun saurari dubban waƙoƙi a kan abu guda har suka san inda yake ƙari da inda yake ragi. Larabcin da muke yi a kasuwa ma ya fi mu fahimtar wannan: da hedifon da lasifika duk samma'a ake ce musu, abin jiyarwa. Mai ji daban ne.

Ba na cewa hedifon ba shi da aibi. Yana da su, kuma wanda bai san su ba zai sha kunya. In kana gaban lasifika biyu, kunnenka na hagu yana jin ta dama ita ma, a ɗan makare da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma da wannan ɗan jinkiri ne ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito. A hedifon babu wannan. Na hagu na hagu ne kawai, na dama na dama, don haka komai sai ya ji kamar ya fi faɗi, amsa-kuwwa ta fi fitowa, mutum ya yi ta rage ta har waƙar ta bushe. Bes kuma kunne kaɗai ke jin sa, ƙirji ba ya ji. Amma waɗannan aibobi ne tsayayyu. Yau haka suke, gobe haka, a Suki haka, a Gadarif haka. Aibin da ba ya canzawa ana iya koyon sa a yi masa ragi. Aibin ɗaki kuwa yana canzawa da ka matsar da kujera taku ɗaya, ko ka buɗe ƙofa. Kuma a lura, ba ina nufin 'yan ƙananan abin kunnen nan na Bluetooth da ake sayarwa a tasha ba, waɗanda aka cika wa bes don su burge mai saye. Ina nufin hedifon mai waya, mai rufe kunne duka, wanda aka yi don aiki.

Yanzu ga inda nake son ƙannena su buɗe kunne, domin horon da nake ta magana a kansa ba wani sirri ba ne, kuma Bahaushe ya shigo shi da jari a hannu. Malaman da ke koyar da sauraro a jami'o'i, kamar Jason Corey na Jami'ar Michigan a Amurka, suna amfani da wata dabara: in ka ɗaga wani yanki na sauti da ikwalaiza, yana yin kama da wasali. Wajen 250 Hz yana kama da “u”, 500 da “o”, 1000 da “a”, 2000 da “e”, 4000 da “i”. Sama da nan, 8000 yana kama da “s”, 16000 kuma da “ts”. Duba da kyau. Wasulan Hausa biyar ke nan cif, a jere, har da “tsa” ɗinmu a ƙarshe. Ɗalibin Ingilishi sai ya yi ta fama da wasulansa masu yawa da ba su da tsayayyen rubutu, kai kuwa tun kana goye kake rarrabe su.

Yadda ake yi shi ne ku zauna ku biyu. Ɗaya ya sa hedifon ya juya wa kwamfuta baya. Ɗayan ya kunna waƙar da kuka sani sarai, ya ɗaga ɗaya daga cikin waɗannan wurare da desibel 12, ya sauke, ya sake ɗagawa. Mai hedifon ya faɗi wasalin da ya ji. Minti goma sha biyar a rana ya isa, fiye da haka kunne gajiya yake yi. In an daina kuskure a 12 sai a koma 6, sannan 3, sannan a koma ragewa a maimakon ɗagawa, wanda ya fi wuyar ganewa. Wanda ya jure wannan na 'yan watanni, in ya ji murya ta toshe ba zai tsaya lalube ba, zai ce “o” ta yi yawa, ya miƙa hannu wajen 500. Wannan horo a hedifon ya fi kyau a yi shi, domin a ɗakin da ba a gyara ba sai ka ɗaga 125 ɗakin ya haɗiye, ka koyi abin da ba shi ne ba.

Amma wasali rabin aiki ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere, mai baƙaƙe masu ƙugiya. Tsakanin kafa da ƙafa, ko sara da tsara, ɗan fashewar iska ne na ƙiftawar ido, kuma yana zaune a saman sauti, daidai inda kacau-kacau ɗin fiyano ke zama. In ka matse murya da kwamfuresa mai saurin kamu, ka danne wannan fashewar. In ka cika kayan kaɗe-kaɗe a wajen 2000 zuwa 5000 Hz, inda kunnen ɗan Adam ya fi kaifi, ka binne ta. In ka ƙure na'urar daidaita murya, hawa da saukar da ke raba kalmomi ta tafi. Ina jin waƙoƙi da yawa a yanzu, daga situdiyoyi masu monita ta gani ta faɗa, waɗanda sai ka saurara sau uku kafin ka tsinci abin da mawaƙin ke cewa. Ka ɗauko tsohon kaset na Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos, da duk shuuu ɗin da ke cikinsa, ba kalma ɗaya da za ta kuɓuce maka, kuma kiɗan na magana a gefe ba tare da ya taka muryar ba. A nan Sudan ma muna da A'isha Fallatiya, 'yar asalin Hausawa da aka haifa a Kasala, wadda ta shiga gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940 lokacin da ba a saba jin mace a can ba. Da kayan aikin wancan zamani, sauti ɗaya ba hagu ba dama, muryarta ta ratsa ƙasar nan har ta rasu a 1974, kuma har yau ana jin kowane harafi.

Wannan ya fi damun mu fiye da mutanen Kano, kuma ga dalili. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka kafa Maiurno a bakin Bahar, Hausar wannan yanki take zaune a tsakiyar Larabci. Makaranta Larabci, kasuwa Larabci, rediyo Larabci. Yaro a Suki yau yana iya jin Hausa mai zurfi a wuri biyu ne kawai, bakin kakarsa da waƙar da ke cikin wayarsa. In mai haɗa sauti ya binne kalmomin a ƙarƙashin bes, ya toshe ɗaya daga cikin biyun. Shi ya sa ma'aunina na farko ga kowace waƙa shi ne in kunna wa tsohuwa a tsakar gida, in ce ta maimaita mini abin da aka ce. In ta iya, sai mu zo maganar sauran.

Daga nan sai a tambayi inda waƙar za ta. Ba wanda zai saurare ta a gaban monita. Za ta bi ta WhatsApp, ta shiga memori, ta fito ta lasifikar waya wadda ba ta iya fitar da bes na ƙasa sam, ko ta akwatin Bluetooth mai baki ɗaya a teburin mai shayi, ko ta lasifikar da direban raksha ya ɗaure a bayan kujera, ko ta manyan akwatunan gidan biki a fili, inda babu bango balle ya dawo da amo. Yawancin waɗannan sauti ɗaya suke fitarwa. In ka baza fiyano hagu da dama da dabarar da ke sa ɓangarorin biyu saɓa wa juna, da an haɗe su wuri ɗaya sai su kashe juna, fiyanon ya ɓace. Don haka danna maɓallin mono tun kana tsakiyar aiki, kada ka bari sai ka gama. Bes kuma ka ɗan gasa shi ya samu 'ya'ya a sama, wajen 200 zuwa 400, domin kunne yana da wata baiwa: in ya ji ninkin amo, yakan cike asalin da kansa ko da lasifikar ba ta fitar da shi ba. Haka ake yi har a ji bes a waya. In ka gama, ka zuba waƙar a memori, ka ba direban raksha kuɗin zuwa kasuwa da dawowa, ka zauna a baya ka saurara. Abin da ka ji ka rubuta, ka koma ka gyara, ka kuma lura da yadda wannan gyaran ke ji a hedifon ɗinka. Bayan waƙa ashirin za ka riƙa jin rakshar tun kana ɗaki.

Wanda Allah ya hore wa ɗaki mai faɗi, da wuta, da kuɗin gyaran bango, ya sayi monita, zai ji daɗinta, musamman wajen auna faɗin waƙa da nauyin ganga. Ban hana kowa ba. Abin da na ƙi shi ne a mai da ita shaidar shiga sana'a.

Saura magana ɗaya da ta fi duk waɗannan, kuma a nan 'yan hedifon nake wa faɗa. Tun 1933 wasu masana biyu, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da sirantaka daidai a kowane ƙarfi. In an ƙara murya, bes da saman sauti sun fi fitowa, shi ya sa kowace waƙa ke daɗa daɗi in an ƙure ta. Tarko ke nan. Kana ƙarawa kana jin aikinka ya yi kyau, kunne na gajiya, kana sake ƙarawa. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa kwata ɗaya na awa. Hedifon na iya kai wa 100 ba tare da maƙwabci ya ji komai ba balle ya buga maka ƙofa. Ƙananan gasun da ke cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma lalacewar tana farawa ne daga wajen 4000 Hz, mazaunin “i” da kaifin baƙaƙen da muka gama magana a kansu. Na san masu sa kiɗa a gidajen biki da ba su kai shekara talatin ba, sai ka ɗaga murya kafin su juyo. Ka sa ƙarfin a inda in wani ya yi maka magana a gefe za ka san an yi, ka cire hedifon minti goma bayan kowace awa, in kuma ka kwanta ka ji kunnenka yana ƙara kamar kukan gyare, gobe kada ka taɓa aiki.